Ba kowane aikin gida da aka bari ba ne ƙyuya

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida taka mai albarka domin in yi magana a kan wani al'amari da wasu za su ga bai kai a ɓata masa tawada ba, wato guga da sauran ayyukan gida, da kuma irin hukuncin da muke yanke wa duk wanda ya rage wani abu daga cikinsu. Na san shafin wasiƙu ya fi sabawa da manyan batutuwa, amma aikin gida yana cin lokacin mutane fiye da yadda muke lissafawa, yana haddasa saɓani tsakanin miji da mata da tsakanin iyaye da 'ya'ya, kuma kamar yadda na gani da idona, kuskure a cikinsa yana iya kai yaro gaban likita.

Idan aka tayar da zancen guga a kowane zama, nan da nan mutane sukan rabu gida biyu. Akwai masu ganin cewa duk abin da aka wanke sai ya bi ta ƙarƙashin dutsen guga kafin a ninke shi, tun daga rigar fita har zanen gado, tawul, hankici da safa, kuma a wajensu duk wanda ya tsallake ɗaya daga cikin waɗannan ya nuna ƙyuya, ko ma rashin tarbiyya. Akwai kuma waɗanda suka jingine dutsen gugar baki ɗaya, suna cewa wahalar banza ce mutum ya tsaya yana miƙar da tufafin da za su sake yamutsewa da zarar ya zauna a mota. Na daɗe ina cikin rukuni na farko, ko da yake ba hannuna ne ke riƙe da dutsen ba, kuma a yau ba na tare da ko ɗaya daga cikinsu. Na farko suna auna aiki da abin da mutane za su faɗa, na biyu suna auna shi da abin da zai hutar da su, alhali tambayar da ta kamata a yi kafin a bar kowane aiki ita ce, wa zai cutu idan ba a yi shi ba? Ni ban gane haka da wayona ba, sai da abin ya taɓa jikin ɗana.

Shekara 2 da suka wuce aka yi wa maiɗakina tiyata, likita ya hana ta doguwar tsayuwa da ɗaukar kaya mai nauyi har tsawon wata 3. Ba mu da mai aiki, manyan 'ya'yanmu kuma ba su kai a bar musu dutse mai zafi ba, saboda haka wanki da guga suka dawo wuyana. A makon farko na ƙudurta cewa babu abin da zai canza a gidan, zan yi komai yadda ta saba yi. Na kama guga da hantsi, ban ajiye dutsen ba sai bayan sa'a 4 cur, ina tsaye, bayana yana ciwo, gumi ya jiƙa ni sharkaf. A wannan tsayuwa ne na yi lissafi, na ga cewa shekara 11 ke nan tana yin wannan aiki kowane mako, wato sama da sa'a 2,000 a gaban teburin guga kaɗai, bayan girki da shara da wanke-wanke da reno, bayan kuma nata aikin albashi. Ban tuna ranar da na taɓa tambayar ta tsawon lokacin da aikin yake ɗaukar ta ba. Abin da nake tunawa shi ne ranakun da na ɗaga riga na nuna mata inda karin hannu ya karkace, da ranar da na ɓata rai don na tarar da zanen gado ba a goge ba. Da kunya nake faɗin wannan, kuma ina faɗa ne domin na san ba ni kaɗai ba ne.

A mako na biyu na yanke shawarar ragewa, kuma a nan na tafka kuskuren da ya sa nake rubuta wannan wasiƙa. Na raba kayan gida biyu, waɗanda idon mutane zai gani da waɗanda ba zai gani ba. Rigunan aikina da kayan makarantar yara na ci gaba da goge su tsaf, har da kari. Kayan ciki na yara kuwa, da wandunan autanmu mai shekara 2, da zanen shimfiɗarsa, na ce ba sa buƙatar guga tunda babu mai ganin su. Lokacin damina ne, rana ba ta fitowa sosai, igiyar shanya kuma ta cika da manyan kaya, sai na riƙa baza ƙananan a ƙasa ta gefen katanga inda inuwa take, in kwashe su da yamma da sauran danshinsu, in ninke in ajiye. Ba a jima ba sai ga wasu ƙuraje sun feso wa yaron a gadon baya da cinya, jajaye masu tauri kamar maruru, ya daina barci, ba ya komai sai kuka da susa. Mun ɗauka ƙurajen zafi ne ko cizon sauro, muka shafa masa abin da muka saba shafawa, amma abin sai gaba yake yi.

Da muka kai shi asibiti, likita ta duba, ta nuna mini wani ɗan rami a tsakiyar kowane ƙurji, ta toshe shi da man basilin, bayan ɗan lokaci ta matsa gefensa sai ga farar tsutsa ta fito da ranta. Guda 7 ta cire daga jikin yaron. Tambayarta ta farko ita ce, "Malam, a ina kuke shanya kayansa, kuma kuna goge su?" Ta bayyana mini cewa akwai wani ƙuda da ake kira tumbu, wanda ya yaɗu a yankunan Afirka masu zafi, wanda macensa takan zuba ƙwai 100 zuwa 300 a lokaci guda a kan ƙasar da fitsari ko bahaya ya taɓa, ko a kan tufafi masu danshi da aka shanya a inuwa, musamman na ƙananan yara masu sauran warin fitsari. Ƙwan yana ƙyanƙyashewa cikin kwana 1 zuwa 3, ƙaramar tsutsar tana iya zaman jira na kwanaki a jikin tufa, da zarar ta ji ɗumin fata kuma sai ta huda ta shiga, ta zauna tana girma na kimanin kwana 8 zuwa 12, tana numfashi ta wannan ɗan rami. Ƙudan ba ya zuba ƙwai a inda rana take bugawa, saboda haka shanya a igiya cikin rana tana kiyayewa, guga mai zafi ta ciki da bai kuma tana kashe ƙwan da tsutsar. Ta ƙara da cewa haka abin yake ga kwarkwatar jiki, wadda take zama ta yi ƙwai a cikin layin ɗinkin tufafi, domin bin layin ɗinki da dutse mai zafi yana daga cikin tsofaffin hanyoyin kawar da ita.

Da muka dawo gida na ba maiɗakina labari, sai ta ce, "Malam, ai ba don kwalliya nake goge kayan yara ba. Da ka tambaye ni, da na ce ka bar naka ka goge nasu." Ta san dalilin tun daga wajen mahaifiyarta, ko da yake ba ta san sunan ƙudan ba. Ta kuma gaya mini abin da ya fi wannan sosa mini rai, cewa tawul da hankici da zannuwan gadonmu ba ta ganin amfanin goge su, tana yi ne kawai don gudun ƙorafina. Ashe a cikin sa'o'i 4 ɗin nan akwai gugar da take kare lafiya, akwai wadda take kare mutuncin mai fita cikin jama'a, akwai kuma wadda ba ta kare komai sai tsoron bakin maigida, ni kuwa da na shekara 11 ina yanke hukunci a kan aikin, ban iya bambance ɗaya daga ɗaya ba.

Tun daga nan na nemi sanin abin da guga take yi wa tufa, domin wanda bai san amfanin aiki ba, ba zai san inda zai rage shi ba. Zaren auduga da na lilin sun ƙunshi wasu dogayen sarƙoƙi ƙanana da ido ba ya gani, waɗanda suke riƙe da juna da ɗauri mai rauni. Ruwa yana kwance wannan ɗauri, idan tufar ta bushe sai ya sake ƙulluwa a duk yanayin da ya same ta, in a cukuikuye take a cikin baho a cukuikuye za ta ƙame, in kuma a miƙe take a miƙe za ta tsaya. Aikin dutsen guga shi ne ya haɗa zafi da danshi da nauyi ya sake kwance ɗaurin, ya bar zaren ya huce a shimfiɗe, shi ya sa audugar da ta bushe ƙarau take wahalar da mai guga sai an yayyafa mata ruwa. Wannan yana nuna cewa yawancin yamutsewar da muke fama da ita tsakanin ɗauraya da shanya ake haifar da ita. Wanda bai murɗe riga da ƙarfi wajen matsa ba, ya kakkaɓe ta sosai, ya rataye ta a hanga, ya ja wuyanta da hannayenta da layin maɓalli tun tana jiƙe, ya kwashe ta da zarar ta bushe ya ninke nan take, ya rage wa kansa kaso mai yawa na guga ba tare da ya tauye kowa ba. Tawul ma guga cutar da shi take yi, domin tana danne ƙananan madaukan zaren da suke tsotse ruwa daga jiki. Zanen gadon da ya bushe ƙarau a kan igiya cikin rana, aka ninke shi da kyau, ya riga ya sami abin da yake buƙata.

Akwai kuma ɗan ƙyallen nan da ake ɗinkawa a wuyan riga ko a gefenta, wanda yawancinmu ba ma dubawa. Hoton dutsen guga mai ɗigo 1 yana nufin zafi kaɗan, kimanin digiri 110 a ma'aunin Salshiyas, na yadin roba ke nan. Mai ɗigo 2 kimanin digiri 150, na ulu da makamantansa. Mai ɗigo 3 kimanin digiri 200, na auduga da lilin. Idan an ja wa hoton layi biyu a gicciye, to masu yin rigar da kansu sun ce kada a goge ta. Sau da yawa ƙyallin nan da ke fitowa a wando, ko rigar da ta narke ta manne wa dutse, daga goge abin da ba ya son guga suke samuwa. Dutsen lantarki kuma yakan ja wat 1,000 zuwa sama da 2,000 a lokacin da yake ɗaukar zafi, daidai da ƙwan fitila 100 ko fiye na zamani masu wat 10, saboda haka gugar da ba ta da dalili asarar wuta ce a kan asarar lokaci.

Masu ɗaukar guga a matsayin ma'aunin tarbiyya ya kamata su lura cewa tarihin guga kansa cike yake da neman sauƙi. Mutanen ƙasar Sin sun yi amfani da kaskon ƙarfe cike da garwashi wajen miƙar da siliki tun fiye da shekara 1,000 da suka wuce. Bayan haka aka daɗe ana fama da dutsen ƙarfe zalla da ake ɗorawa a kan wuta, wanda mariƙinsa yake ƙona hannu, har sai da wata mata a Amurka mai suna Mary Potts ta ƙirƙiro mariƙin katako mai cirewa a 1871. A 1882 Henry Seeley ya yi rajistar dutsen guga na lantarki a birnin Niyok. A 1941 wasu masana biyu a Mancesta ta ƙasar Ingila, John Whinfield da James Dickson, suka samar da zaren foliyesta wanda ba ya saurin yamutsewa, daga baya kuma masaniyar haɗa sinadarai Ruth Benerito da abokan aikinta a ma'aikatar gona ta Amurka suka yi fice wajen gano yadda za a ɗaure sarƙoƙin auduga ta yadda za a wanke riga a sa ba tare da guga ba. Duk waɗannan mutane aikinsu ya rage wahalar guga, kuma duniya yaba musu ta yi. Ban ga dalilin da zai sa macen da ta gano a cikin gidanta cewa tawul ba ya buƙatar guga ta zama abar zargi ba.

Wani zai ce ai yanzu injuna sun sauƙaƙa komai, saboda haka babu uzuri. Abin da bincike ya nuna ya saɓa wa wannan zato. A 1974 wata masaniyar zamantakewa a Amurka, Joann Vanek, ta kwatanta bayanan da aka tattara na kusan rabin ƙarni, ta gano cewa matan da ba sa aikin albashi suna kashe kimanin sa'a 52 a mako a kan aikin gida a shekarun 1920, a shekarun 1960 kuma, bayan yaɗuwar injin wanki da dutsen lantarki, lissafin ya kai kimanin sa'a 55. Lokacin wanki ma ƙaruwa ya yi, domin tufafi sun yi yawa, ana canza su akai-akai, abin da ake kira tsafta kuma ya ƙara hawa sama. Duk sauƙin da inji ya kawo, sai tsammanin mutane ya haɗiye shi. A 2018 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ba da rahoton cewa ana kashe sa'o'i biliyan 16.4 kowace rana a duniya a kan aikin gida da kula da iyali wanda ba a biyan kowa a kansa, mata ne ke ɗaukar kashi 76 cikin 100 na wannan nauyi, inda mace take yin sa'a 4 da minti 25 a rana, namiji kuma sa'a 1 da minti 23. Ke nan a mafi yawan gidaje, mai kafa doka a kan yadda za a yi aikin daban, mai yin sa daban, kuma abu ne mai sauƙi mutum ya tsananta dokar da ba a bayansa take sauka ba.

Kuskuren da na yi da kayan yaro, shi ne muke yi a sauran ayyukan gida. Idan lokaci ya ƙure, abin da baƙo zai gani muke tsarewa, mu saki abin da yake ɓoye, alhali galibi a ɓoyayyen ne haɗarin yake. Ana share falo sau biyu a rana, ana goge gilashin taga har ya yi ƙyalli, amma soson wanke-wanke da tsumman goge kwanuka suna kwana a jiƙe mako da mako, wurin da ƙwayoyin cuta suka fi samun sakewa ke nan a duk gidan. Ana yanka ɗanyen nama a kan katako, a ɗauraye shi sama-sama da ruwa, a yanka abin da za a ci ɗanye a kansa. Ana barin dafaffen abinci a waje fiye da sa'a 2, alhali tsakanin digiri 5 da 60 ne ƙwayoyin cuta suke hayayyafa da sauri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2015 cewa mutum miliyan 600 ne suke kamuwa da ciwo kowace shekara daga gurɓataccen abinci, 420,000 suna rasa rayukansu, 125,000 daga cikinsu yara ne 'yan ƙasa da shekara 5. Ruwan da ya kwanta a tsohon bokiti a bayan ɗaki kuma, mako guda zuwa kwana 10 sun isa ƙwan sauro ya zama sauro mai tashi. Akwai ma mai haɗa ruwan bilic da wani maganin wanke banɗaki domin ya gama da wuri, bai san haɗin yana iya fitar da iska mai guba da ke ƙona huhu ba. Ban taɓa jin an kira wani ƙazami don ɗaya daga cikin waɗannan ba, amma na sha jin an yi da mace don an ga yaronta da riga a yamutse. An bar jaki ana dukan taiki.

A nan ya wajaba in bambance sassauci da ha'inci, domin kada a ɗauka ina buɗe ƙofar aikin jeka-na-yi-ka ne. Sassauci shi ne mutum ya dubi aiki, ya san dalilinsa, ya ga babu mai cutuwa da barinsa, ya bar shi a fili, mutanen gida sun sani. Ha'inci kuwa shi ne ya nuna an yi abin da ba a yi ba, kamar mai tura shara ƙarƙashin gado, ko mai ɗauraye kwanon yaro ba sabulu ya kife shi cikin wankakku, domin na bayansa zai ɗauka ya dogara da tsaftar da babu ita. Wanda ya goge gaban rigarsa da wuyanta kawai saboda zai ɗora kwat a kai bai zalunci kowa ba, rigarsa ce, kuma babu wanda yake bin sa bashin gugar bayanta. Amma mai sana'ar wanki da guga da ya karɓi ladan gugar riga sukutum, ya goge inda ake gani ya ninke sauran a ciki, ya ci amana, ko da mai rigar bai taɓa ganewa ba. Haka kuma maigidan da ya ɗora wa 'yar aiki abin da mutum biyu ba za su gama a yini ba, shi ne ya tura ta ga aikin ganin ido, kuma yana da kaso a cikin laifin.

Ga waɗanda suka jefar da dutsen guga gaba ɗaya, ina ganin su ma sun wuce gona da iri. Mutumin da zai tsaya gaban ɗalibai, ko ya je neman aiki, ko ya halarci taron da aka gayyace shi don girmamawa, idan ya fito da riga a goge ya nuna cewa ya ɗauki waɗanda zai sadu da su da muhimmanci, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne a zaman tare. Ya zo a hadisi ingantacce cewa Allah mai kyau ne kuma yana son kyau, kuma an faɗi hakan ne a matsayin amsa ga mai tambaya a kan son kyakkyawar tufa da kyakkyawan takalmi. Na kuma san mutanen da guga take sanyaya musu rai, suna jin daɗin ƙamshin tufa mai ɗumi da ganin kaya a jere, har zanen gado suna gogewa don son ransu. Wannan babu laifi a cikinsa ko kaɗan, matuƙar da hannunsu suke yi, kuma ba su mayar da sha'awarsu sanda ta dukan wasu ba.

A gidana yanzu mun zauna ni da maiɗakina mun bi ayyukan ɗaya bayan ɗaya, kowanne mun tambayi dalilinsa. Kayan da ke taɓa fatar yara ana shanya su a igiya cikin rana, idan kuma ba a sami rana ba ana goge su ciki da bai, kuma su ake fara gogewa kafin na kowa. Rigunan fita ana goge su, nawa kuma ni nake gogewa. Tawul, safa, hankici da zannuwan gadon da suka sha rana ana ninke su kawai. Lokacin da muka samu daga nan mun mayar da shi ga tafasa tsumman kicin, wanke firji da zubar da duk ruwan da ya kwanta a tsakar gida. Babban ɗana namiji, da ya kai shekara 12, na koya masa duba ƙyallen wuyan riga, da fara guga da kayan da ke son zafi kaɗan kafin na auduga, da cire dutsen daga soket kafin ya bar wurin ko da na minti guda ne. Wani ɗan'uwana ya ce mini wannan ba aikin namiji ba ne, na tuna masa cewa da aka tambayi Nana A'isha, Allah ya yarda da ita, abin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yake yi a gida, cewa ta yi yana kasancewa cikin hidimar iyalinsa, kuma an ruwaito cewa yana ɗinke tufarsa yana gyara takalminsa da kansa.

Roƙona gare ka, ya Edita, shi ne ka nemi wani likitan fata ko jami'in kiwon lafiyar al'umma ya rubuta cikakken bayani a wannan jarida a kan ƙudan tumbu da yadda ake gane ƙurjinsa, kafin damina ta kankama, domin likitar da ta duba ɗana ta gaya mini cewa iyaye da yawa sukan matse ƙurjin da ƙarfi ko su huda shi da allura a gida, tsutsar ta fashe a ciki, wurin ya yi ruwa. Har yau akwai tabo 7 a jikin yaron.

Wassalam.

Naka,
Wani magidanci mai karanta jaridarka